Muna Jiran Tabilet a Zango

A shekarar da hatsi ya ƙi a ƙauyenmu Gaffati, ina aikin buga takardu a wani shago a unguwar Zango ta Zinder, bayan layin masu atamfa. Ordinatar, wato kwamfuta, huɗu ne a ciki, da injin fotokopi ɗaya, da wata fanka mai kuka kamar za ta tsinke ta faɗo mana a ka. Mutane kan zo da takardar neman aiki, 'yan lakwal su zo da aikin da malami ya ba su, 'yan kasuwa su zo a rubuta musu wasiƙa da Faransanci, ni kuwa in zauna in buga. Mai shagon tsohon malamin lakwal ne da ya aje aiki. Mushe kowa ke ce masa, yadda muke ce wa malaman boko a nan, har matarsa ma haka take kiransa.

Kawu, yayan mahaifiyata, ya zo mana gida a unguwar Kara-Kara ne bayan sanyi ya wuce. Abin da gonarsa ta ba shi bai kai su wata uku ba. Ya kai iyalinsa wajen surukansa a kudu, ya bar san noma ɗaya da ya rage masa a hannun maƙwabci, ya shigo gari da buhu a kafaɗa. Mutum ne da bai iya zama ba. Kwana biyu ya yi a gida yana gyaran abin da bai lalace ba, har Inna ta ce don Allah in riƙa tafiya da shi wurin aiki kafin ya kwance mata ƙyauren ɗaki. Haka ya soma bi na Zango kullum da safe. Ya ƙi hawan kabu-kabu, don haka ni ma na koma tafiya a ƙasa. Ya sami wuri ƙarƙashin rumfar shagon, yana warware tsofaffin buhuna yana tufka igiya, masu amalanke da masu tumaki suna saye.

Tun ranar farko ya ce shi bakinsa ba zai iya kiran mutum mai rai da mushe ba, balle a shekarar da mushen dabbobi ke kwance a bakin hanya. Malam zai ce masa. Mushe ya yi dariya har ya cire tabarau ya share ido. Daga nan suka shaƙu.

Abin da Mushe ya fi so a duniya shi ne labarin na'urar da ba ta fito ba tukuna. Waɗanda ke gabansa ba su dame shi ba, in sun lalace ma ni ke neman mai gyara. Amma kowace safiya, kafin mutane su taru, sai ya ja kujera gaban ordinatar da ta fi lafiya, ya karanta abin da Turawa suka rubuta a intanet, sannan ya juyo ya fassara mana da muryar aji, yana ɗaga yatsa. A wannan bazarar magana biyu ce ba ta uku. Ta farko tabilet: wai ordinatar ce sukutum amma falle ɗaya kamar faranti, ba waya, ba kilabiye na bugawa, gilashi ne kawai kana taɓa shi da yatsa. An riga an soma sayar da wasu a ƙasashen waje, wasu sababbi kuma suna tafe, amma a layinmu ba wanda ya taɓa riƙe ko ɗaya. Ta biyu sabon sistem, wato abin da ake zuba wa ordinatar a ciki don ta san abin da ake so da ita. Wai wanda zai fito zai canza komai, har manyan ordinatar na tebur irin namu za su koma aiki kamar tabilet.

Abokin gardamarsa wani Alhaji ne Bakano da ke kawo mana tawada da tsofaffin kayan gyara duk mako biyu. Da ya sauke kayansa sai ya nemi benci, a sa shayi, su hau. Mushe ya ce nan da shekara biyu ba za a ƙara ganin kilabiye a ofis ba. Alhaji ya ce shi a kasuwa ya girma, ya san abin da mutane ke saye: na'urar da ba ta da maɓalli abin wasan yara ce. Gilashi ne fa, in ji shi, a garin da gumi ke zuba tun hantsi, hannu duk maiƙon ƙosai. In ta faɗi ta fashe, wa zai buɗe ta? Mushe ya ce haka aka ce game da salula, ga shi yanzu har mai tallan ruwa yana da ita. Alhaji ya ce salula tana da maɓalli. Su yi ta yi har shayin ya kai na uku, ba wanda ya matsa daga inda yake, kuma kowannensu ya tashi da fara'a kamar shi ya ci.

Wata rana Mushe ya ce da ƙarfi, har waje ana ji, ai shi suri ma ya gama yayi, za a daina shi. Sai ga Kawu ya leƙo da igiya a hannu.

"Malam, wane ne zai hana suri? Ai ko wannan farin bai kashe gara ba."

Na ɗauko masa ɗan abin da muke turawa a kan tebur, na ce wannan ne suri, da Faransanci ɓera ke nan. Ya juya shi a tafin hannunsa, ya dubi wutsiyar wayar, ya ce lallai ya fi kama da ɓera. Tun daga ranar ya matso da tabarmarsa bakin ƙofa, ya shiga gardamar.

Tambayoyinsa ba irin nasu ba ne. Ya tambaya ko tabilet ɗin tana jure rana, ko za ta shiga aljihun riga, ko tana jin Hausa. Ya buɗe hannayensa masu kanta ya ce ko gilashin zai gane irin wannan yatsan, ko sai na 'yan ofis. Mushe bai san amsa ba, amma bai taɓa cewa bai sani ba. Sai ya ce za a duba. Kawu kuwa ya yanke nasa hukuncin da wuri: ya ce masu ƙera abin sun daɗe suna wahalar da kansu da wayoyi da ɓeraye, yanzu ne suka gane hannu ya fi. Ya koma ɓangaren Mushe. Alhaji ya ce an yi masa taron dangi.

Ni ban cika sa baki ba, don maganar tana taɓa ni ta inda ba su lura ba. Shekara biyu na yi ina koyon buga rubutu da yatsu goma ba tare da na kalli hannuna ba, kuma da shi muke ci a gida a wannan shekarar, mu da baƙin da ke sauka daga ƙauye. In kilabiye ya tafi, ni ina zan nufa? Ran nan na faɗa, cikin wasa. Mushe ya dube ni ta saman tabarau. Washegari ya zo da kwalin taliya da ya yanke daidai girman da aka ce tabilet take, ya zana masa haruffa layi-layi da biro, har da zagayen baƙi a gefe. Ya aje a gabana ya ce a gwada. Zai yi mini shifta, in buga a kan kwali, a ga ko hannuna zai iya.

Ya ɗauko wata takardar neman aiki ya soma karantawa, ni kuma na hau ƙwanƙwasa kwali da gaske, ina cije leɓe. Kawu ya tsaya a kaina yana kallo. Mai shagon ɗinki na kusa da mu ya shigo, matar da ta zo fotokopi ta manta da abin da ya kawo ta. Da Mushe ya kai ƙarshe ya ɗaga kwalin sama ya duba shi da kyau, ya ce babu kuskure ko ɗaya. Alhaji ya ce wannan zalunci ne, a kan kwali ko shi ma ba ya kuskure. Na yi dariya har hawaye. Tsoron bai tafi duka ba, amma ya ragu, don Mushe ya ce mini bayan an watse, ko a kan me aka koma rubutu, mutanen Zango za su ci gaba da neman wanda ya san inda ake sa waƙafi.

Ana cikin haka ya karanta cewa masu sabon sistem ɗin sun saki na gwaji, kowa na iya saukewa kyauta. Bai ko gama shayinsa ba ya danna. Intanet ɗinmu a lokacin tafiyar jaki mai kaya take, ga kuran, wato wutar lantarki, yana ɗaukewa sau uku sau huɗu a yini saboda zafi. Sau biyu abin ya kai rabi ya katse, muka koma farko. Ya ɗauke mu kwana tara. A cikin kwanakin nan duk layin ya san muna da baƙo a hanya. Mai ɗinki in zai wuce masallaci sai ya leƙo ya ce ya iso? Mai tsire ya aiko a tambaya. Kawu ya koyi karanta ɗan layin nan kore da ke nuna inda aka kai, ya riƙa auna shi da ɗan yatsa a kan gilashi yana ba mutane labari: jiya gaɓa biyu, yau ya kusa uku.

A cikin kwanakin ne aka aiko daga Gaffati cewa san noman nan na Kawu ya kwanta bai tashi ba, an yanka. Ya ji saƙon a bakin ƙofar gida da safe, ya ce Allah ya sa haka ne mafi alheri, ya ɗauki buhunansa muka tafi. Yinin ranar bai shigo shago ba, igiya kawai yake tufkawa. Da la'asar Mushe ya ɗauki kofin shayi ya fita ya zauna kusa da shi a ƙasa, da wandonsa mai guga. Ban ji abin da suka ce ba. Na dai ga sun daɗe, kuma da za mu tashi Kawu ya leƙa ya auna layin.

Ranar da aka zuba sistem ɗin ta faɗo daidai da zuwan Alhaji. Shagon ya cika. Ordinatar ta yi ta kashe kanta tana kunnawa. Can sai gilashin ya cika da murabba'ai masu launi, ja da kore da shuɗi da ruwan goro, jere kamar an baza atamfa a rumfa. Duk abin da na saba gani babu shi. Mushe ya gyara hula ya miƙa yatsa ya taɓa ɗaya. Ba abin da ya motsa. Ya sake dannawa da ƙarfi. Mai ɗinki ya ce a bari ya gwada, nasa hannun ya fi laushi. Kawu ma ya goge yatsa a riga ya taɓa. Kafin a ankara gilashin ya cika da shatin yatsu. Sai Alhaji, da ke zaune bai tashi ba, ya ce cikin natsuwa, wannan gilashin shi ya sayar mana da shi, kuma ya rantse ba ya jin taɓi ko a garinsu. Sistem sabo ne, amma ordinatar tamu ce ta jiya. Muka koma ga suri, Alhaji yana murmushi yana kaɗa ƙafa.

Muka yi ta buɗe wannan muna rufe wancan har aka kira la'asar. Da aka dawo daga salla Mushe ya ce a kashe ta ta huta. Nan aka tsaya. Wurin da muka saba dannawa a kusurwar ƙasa babu shi. Na duba ko'ina. Mushe ya karɓa ya duba, yana karanta kowace kalma da ƙarfi. Alhaji ya tashi a karo na farko, ya ce a ba shi wuri, shekara nawa yana wannan sana'a. Shi ma ya yi ta zagaye har gumi ya jiƙa masa wuya. Mai ɗinki ya ce a zare waya mana, Mushe ya ce ba a yi wa baƙo haka.

Kawu ya ce ko za a bari ya riƙe ɓeran nan sau ɗaya, tun da dai kowa ya gaji. Na tashi na ba shi kujerata. Bai taɓa riƙe shi ba. Ya dafe shi da tafin hannu gaba ɗaya, ya tura shi yadda ake tura galma, sai kibiyar ta tsere can ƙuryar dama ta ɓace. Sai ga wani baƙin shafi ya zaro kansa daga gefen gilashin, da alamomi a jere. Na ce masa kada ya motsa. Na sunkuya na danna ta ƙarshe, ga shi nan a rubuce, wurin kashewa.

Mushe ya miƙe tsaye ya kama hannun Kawu da hannu biyu.

"Mu uku da karatunmu mun kasa. Daga yau kai ne injiniyan gidan nan."

"Ni fa, Malam, hannuna ne ya zame."

"To a bar shi ya riƙa zamewa."

Kawu ya yi dariyar da ban ji ya yi ba tun zuwansa, irin mai fitowa daga ciki. A hanyar gida ya tsaya wajen mai ƙuli ya saya wa Inna, ya ba ta labarin tun daga ƙofa. A bakinsa abin ya ƙaru: wai manyan masana uku sun yi zufa sun sallama.

A cikin murabba'an akwai ɗaya mai nuna yanayin sama. Mushe ya rubuta masa Zinder, sai ya riƙa nuna hoton rana da lamba a gefe, na yau da na kwanaki masu zuwa. Kawu ya ce shi ba ya bukatar na'ura ta gaya masa ana rana, ƙeyarsa ta gaya masa. Amma kowace safiya kafin ya shimfiɗa tabarma sai ya shigo ya ce, ɗiyata, buɗe mana mu ga ƙaryar yau. Rana, rana, rana, har mako uku.

Ran nan sai ga hoton gajimare da ɗigo uku a ƙarƙashin Alhamis. Mushe ya fita da kansa ya kira shi. Kawu ya daɗe yana kallo, sannan ya fita tsakiyar titi ya ɗaga kai, ya juya fuskarsa ta ko'ina yana jin iska. Ya dawo ya ce ba Alhamis ba. Iskar ba ta gama juyowa ba, shamuwa ɗaya kawai ya gani a kan bishiyar bakin kasuwa, tururuwa ma ba su soma kwashe ƙwansu ba. Ya ce a ba shi kwana goma. Yanzu gardama ta koma tsakaninsa da Mushe, Alhaji kuwa da ya zo ya ce wannan karon yana bayan manomi, don ya rama.

Alhamis ta zo ta wuce, sama fes. Kawu ya shigo da la'asar yana taku ɗaiɗai, ya tsaya gaban ordinatar ya ce mata sannu. Na ce masa, Kawu, kai fa ruwan kake so, yaya kake murna bai zo ba? Ya ce ruwa yana so, amma ba ya so a ce kwalin Turawa ya riga shi sani.

Bai cika kwana goman ba shi ma. Ran Litinin da hantsi gabas ta haɗe, iska ta taso ta kwashe buhunansa ta watsa a titi, kuran ya ɗauke. Kafin mu rufe taga ruwa ya sauko kamar da bakin ƙwarya. Rufin shagon, da muka manta yana yoyo, ya soma zuba ta wuri uku. Mushe da Alhaji, wanda ya leƙo mana a ranar, suka kama ɗaukar ordinatar suna kai wa ƙurya, ni ina bin su da leda ina rufewa. Kawu bai taimaka mana da komai ba. Yana tsaye a waje cikin ruwa, hula a hannu, rigarsa ta manne masa a jiki, yana gaisawa da duk wanda ya gifta a guje. Da ruwan ya tsagaita ya shigo yana ɗiga, ya yi wa Mushe sallama, ya ce gobe da sassafe zai kama hanya. Ashe yana da irin gero da ya binne a tulu a ɗakinsa na Gaffati, wanda duk yunwar da aka yi bai taɓa ba, ko Inna bai gaya wa ba.

Sistem ɗin bai daɗe a shagon ba. Injin fitar da takarda ya ƙi jituwa da shi, masu zuwa intanet kuma suka riƙa guje wa wannan ordinatar ɗin, dole muka mayar da tsohon. Mushe ya ce laifin injin ne. Tabilet kuwa sai bayan shekara ta iso layinmu, kuma Alhaji ne ya fara kawo ta, kwali guda, ya sayar da su cikin kwana biyu yana yabon su kamar bai taɓa kushe su ba. Ni ma ban rasa aikina ba. Amma wannan duk daga baya ne.

A makon ruwan, Mushe ya ba ni kwana uku, na bi Kawu Gaffati don iyalinsa ba su dawo ba tukuna, ba mai bin sa da iri. Rabona da shuka tun ina ƙarama. Ƙasa ta yi laushi, ƙamshinta ya cika ko'ina, gonaki duk mutane ne, ana ɗaga wa juna hannu daga nesa. Shi yana gaba da sungumi yana sara, ni ina baya da ƙwarya a hannu ina jefa iri ina rufewa da diddige. Na yi ta zuba da yawa, yana juyowa yana cewa in rage, ba tuwo nake tuƙawa ba. Kafin azahar bayana ya ƙage, ƙafafuna sun yi jajir da ƙasa. Muka zauna gindin wata aduwa, maƙwabciyarsa ta kawo mana fura, ruwanta ya fi garinta yawa. Muka sha, ya miƙe ya ɗauki sungumi ya ce saura gefen yamma.